Maganaɗisu a Gadon Bayana

Kwanakin baya 'yar ƙanena da ke aikin gashin ƙashi a asibiti ta zo gaishe ni. Muna cikin hira ta ce, "Baba, ka san yanzu likitoci suna gwada wata na'ura mai maganaɗisu? A ɗora wa wanda lakarsa ta taɓu a ƙugu, ta riƙa zaburar da jijiyoyin mafitsara, ko Allah ya sa fitsari ya riƙu." Da murnarta ta faɗa, kuma ban ƙaryata ta ba, ita ta yi karatun abin. Amma tana ambaton maganaɗisu na ture kwanon furar da ke gabana. Ta tambaye ni ko lafiya, na ce lafiya lau. Ba irin labarin da ake ba 'ya a kan abinci ba ne.

Ni malamin firamare ne. Na shiga aikin a shekarun saba'in, lokacin da gwamnati ta buɗe makarantu ko'ina ta ce kowane yaro ya shiga. Gidana yana Funtua, makarantar kuwa tana wani ƙauye gaba da Maska, kullum a babur nake zuwa in dawo. Wata damina a farkon shekarun tamanin, ina dawowa da la'asar bayan an ɗauke ruwa, ashe ruwan ya cinye gefen wani kwalbati. Ban ga ramin ba sai da na faɗa shi. Ban ji zafi sosai ba. Abin da nake tunawa shi ne na ɗaga kai na ga ƙafafuna a cikin taɓo, kwance kamar na wani. Wasu makiyaya suka tsamo ni, aka kai ni asibiti a Zariya, na yi watanni a kwance. Likita ya ce lakata ta tsinke ƙasa da tsakiyar baya, daga ƙugu zuwa ƙasa ba zan ƙara ji ba, ba zan ƙara motsawa ba.

Duk wanda ya zo dubiya ƙafafu yake yi mini jaje a kansu. Ba wanda ya yi mini jajen mafitsara, alhali ita ce ta fi wulaƙanta ni.

An sallamo ni da robar fitsari, wata siririyar roba da ake zurawa har cikin mafitsara, ɗaya bakin nata yana zuba a kwalba a ƙarƙashin gado. A asibiti abin da sauƙi, akwai masu canzawa. A gida kuwa shekarun nan ne da komai ya yi wuya, sabulu ma sai an yi layi, balle robar fitsari. Matata ce take tafasa tsohuwar a wata 'yar tukunya da ta ware, ta shanya, ma'aikacin ɗakin shan magani ya zo ya mayar. Robar takan toshe da wani farin abu kamar dusa. In ta toshe, fitsari sai ya biyo ta gefe, ni kuwa ba na ji. Sai dai in ga zanin gado ya yi duhu, ko in ga kiyashi sun yi layi suna hawa ƙafar gado.

Zarni ya kama ɗakin nan har cikin bango. Katifar auduga ta sha ta ƙoshi, aka fitar da ita aka ƙone, aka kawo wata, ita ma ta bi sahu. Matata ta shimfiɗa leda, ledar ta riƙa tara ruwa a ƙarƙashina kamar kududdufi. Ta yi turaren wuta safe da yamma, turaren ya haɗu da zarnin suka ba da wani wari na uku wanda ya fi su duka muni. Har yau ba na son turaren wuta.

Na san masu dubiya da numfashinsu. Mutum zai yi sallama da ƙarfi daga tsakar gida, yana ɗaga labule muryarsa ta ragu, ya riƙa magana ta baki yana toshe hanci daga ciki. Wasu su zauna a bakin ƙofa, wai kada su takura ni. Wani abokin aikina da muka shekara muna cin tuwo a kwano ɗaya, aka kawo masa ruwa a ɗakina, ya karɓa ya ajiye bai sha ba. Ban ga laifinsa ba. Ni kaina tuwo in ya zo sai in rufe ido in haɗiye, domin ko ina na juya kwalbar nan tana ƙasa da ni, ruwan cikinta ya yi kauri, ƙudaje na zagaya bakinta.

Salla ta fi komai damuna. Liman ya zo da kansa ya ce mini mai yoyon fitsari yana da uzuri, in yi alwala in yi sallata, Allah ya san halin da nake ciki. Na yarda da maganarsa, amma zuciyata ba ta daina ƙyamar jikina ba. In na ɗaga hannu zan yi kabbara sai in ji zarni a hannun riga.

Matata ba ta taɓa yamutsa fuska a gabana ba. Amma ta taga nakan hango ta a bakin rariya tana wankin zannuwana da toka da sabulun salo, ta ɗaure hanci da gefen ɗankwali, wani lokaci ta juya ta tofar da yawu. Hannayenta suka tsattsage. In ta shigo sai ta ce, "Malam, a juya ka?" kamar ba abin da ya faru.

Ana nan sai Baffa ya zo da labari. Baffa ƙanen mahaifina ne, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifin namu, babban manomi ne, kuma in ya yanke magana a gidanmu ta yanku. Ya ce ya je kasuwar Dandume ya ga wani mutum da ke tayar da matattun jijiyoyi da maganaɗisu. Da idonsa ya ga an kawo wani tsoho mai shanyewar hannu, aka ɗora masa ƙarfen, yatsunsa suka motsa.

Na ce, "Baffa, likita ya ce lakar ta tsinke."

Ya ce, "Likita ne ya halicce ta? Kai dai ka yi boko ka raina komai. Ni ba ƙafa nake nema maka ba. Wannan ƙazantar nake so a raba ka da ita, ka koma mutum."

Kalmar nan ta ƙazanta ta shige ni, domin ita nake faɗa wa kaina kullum. Na yi shiru, shi kuwa ya ɗauki shirun a matsayin na yarda. Ina jin ma na yarda ɗin. Wanda yake kwana cikin fitsarinsa ba abin da ba zai saurara ba.

Ranar wata kasuwar Funtua, da hantsi, mutumin ya iso. Ya sa wata farar riga irin ta likitoci wadda wuyanta ya yi baƙi da dauɗa, aljihunta ya yi jirwaye da man ja. Haƙoransa sun rine da goro. Yana ɗauke da akwatin ƙarfe da batirin mota. Baffa yana ce masa Dakta, kowa ma ya kama. Bai yarda ya shiga ɗakina ba, ya ce ƙarfinsa ba ya aiki inda iska ba ta wucewa, sai a fito da ni zaure. Aka kinkimo ni a tabarma aka shimfiɗe. Kafin a gama gyara mini matashi zaure ya cika: maƙwabta, abokan Baffa, masu wucewa zuwa kasuwa. Ba wanda ya kore su. Daga baya na gane su ya zo nema, ba ni ba.

Aka kawo masa ƙosai, ya ci, ya goge hannu a rigar. Ya buɗe akwati. Ina ganin kayan na gane su, domin a makaranta na sha nuna wa yara irinsu: baƙaƙen zobban maganaɗisu ne na bayan lasifika, an ɓamɓaro su daga tsofaffin rediyoyi, duk sun yi gashi-gashi da garin ƙarfe da tsatsa. Ya ɗauki ɗaya ya zagaya da shi, ya watsa ƙusoshi a ƙasa ya tsince su da shi, mutane suka yi ta gyaɗa kai.

Ya ce, "Kun ga yadda yake jan ƙarfe? Haka yake jan jijiya. Jinin ɗan Adam akwai ƙarfe a ciki, ku tambayi malamin makaranta, ga shi nan kwance."

Aka yi dariya. Sannan ya ce a yaye mini zane.

Na ce, "Baffa, a rage mutane."

Baffa ya ce, "Duk maza ne. Mara lafiya ba shi da kunya."

Aka yaye. Na kafa ido a azarar rufin zauren, na ji wani ya yi tsaki a hankali, wani ya ja hanci. Mutumin ya tsuguna, da hannun nan na ƙosai da goro ya kama robar ya fizge ta. Ban ji komai ba, amma na ga jini a bakinta. Ya ɗaga ta sama da yatsu biyu kamar wanda ya kamo macijin ciki, tana ɗiga, ya ce, "Wannan ce ta kashe masa mafitsara." Ya wurgar da ita ƙofar gida. Kaji suka yi kanta.

Ya tofa yawu a kan zobe ɗaya ya goge da babban yatsa, ya ɗora mini a mara. Aka mirgina ni, ya ɗora biyu a ƙasan gadon bayana, daidai ƙugu. Ya ɗaure su tam da robar tsohon tayar keke. Ya haɗa wayoyi daga batirin, ya goga bakinsu suka ba da tartsatsi, mutane suka ja da baya. Ko wayoyin ma bai jona da zobban ba, a ƙarƙashin robar kawai ya cusa su. Ya sa aka ba ni ruwa kwano guda na shanye, aka ƙara, ya zauna yana ta surutu a kan garuruwan da ya je da manyan mutanen da ya warkar, har rana ta take tsaka.

Can ya ce lokaci ya yi. Ya kara wani gwangwani a gabana, ya ce, "Malam, umarci mafitsararka." Ya ɗora hannu kamar yana gyara zoben da ke marata, sai na ga ya dunƙule shi ya danna da dukan nauyinsa. Fitsari ya zubo a gwangwani. Duk wanda ya kwana a ɗakin masu karayar baya ya san in aka danna cikakkiyar mafitsara za ta zubar. Zaure ya ɗauki kabbara. Ya ɗaga gwangwanin yana nuna wa mutane ɗaya bayan ɗaya, suna leƙawa, waɗannan mutanen da ba sa iya shan ruwa a ɗakina. Baffa har da hawaye.

Na ce, "Danna ni ya yi."

Ba wanda ya ji, ko kuma ba wanda ya so ya ji. Mutumin ya sunkuyo har ina jin warin bakinsa, ya ce, "Shakka tana kashe magani, Malam." Ya bar umarni: kada a kwance zobban, kada ruwa ya taɓa wurin, kada a mayar da roba, sai ya dawo wata kasuwar. Mace kuma kada ta sa hannu, wai hannun mace yana sace ƙarfin maganaɗisu.

Wannan umarni na ƙarshe shi ya kusa kashe ni, domin matata ce kaɗai take juya ni tana duba bayana. Baffa ya tare a zaurenmu don ya tabbatar an bi doka. Shi yake juya ni, sau ɗaya a wuni in ya tuna, yana kawar da kai.

Fitsari bai riƙu ba. Marata ta kumbura ta yi tauri kamar ƙwarya, abin da ya yi yawa yana tsiyaya da kansa ba dare ba rana. Baffa ya ce dattin ciki ne yake fita. Zazzaɓi ya zo, ya ce jijiyoyi ne suke farkawa. Bayan 'yan kwanaki wani sabon wari ya shigo ɗakin. Na riga na san zarni kamar yadda na san muryata, wannan ba shi ba ne. Irin warin mushen ɓera ne da ya mutu a rufin ɗaki. Na sa aka duba ƙarƙashin gado, ba komai. Ƙudajen ma suka canza, manyan koraye suka fara zuwa.

Kasuwa ta zagayo, mutumin bai zo ba.

Washegari da safe Baffa ya tafi gona duba masu girbin masara. Matata ta shigo da almakashi da tasar ruwan ɗumi. Ta ce, "Malam, zan kwance."

Na ce, "Baffa fa?"

Ta ce, "Baffa ba shi ke wanke zanen ba. Jiya abin da na gani a jiki ba fitsari ba ne."

Ta mirgina ni ta yanke robar. Cikin zobba biyun nan na baya, ɗaya ya faɗo da kansa, ɗayan sai da ta ɓamɓare shi, na ji ƙarar rabuwarsa da nama. Ta ajiye shi a gefen gado inda idona yake kaiwa. Fatata tana manne a jikinsa, baƙa, da ruwan ciwo, da garin tsatsa, kuma wani abu fari yana motsi a ramin tsakiyarsa. Sai da na ƙura ido na gane tsutsa ce. Na yi kwanaki a kan ƙarfen nan yana cin bayana har ya kusa ƙashi, ƙudaje sun yi ƙwai a ciki, ni kuwa ina kwance ina jiran jijiya ta farka. Matata ta fita da gudu, na ji tana amai a bakin rariya. Ni ma na yi nawa a kan matashi. Ta dawo ta wanke fuska, ta share nawa.

Maƙwabcinmu wani Bayarabe ne mai sayar da kayan gyaran mota, a Funtua aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasunmu. Yana da a-kori-kura. Matata ta saka mayafi ta je shagonsa da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba. Ya rufe shago ya zo. Da ya shigo ɗakin bai toshe hanci ba, ya dai ce, "Malam, me ya sa ba a kira ni tun farko ba?" Suka shimfiɗa katifa a bayan mota, suka kwantar da ni rub da ciki. Muna fita unguwa muka yi kiciɓis da Baffa yana dawowa a keke. Ya tsaya yana kallonmu, matata ta gaishe shi daga cikin mota, motar ba ta tsaya ba.

A asibiti da suka zura sabuwar roba, abin da ya fito ba ya kama da fitsari, ya fi kama da kunun da ya kwana. Suka ce ciwon ya hau har ƙoda. Suka yanke ruɓaɓɓen naman baya, suka bar rami da hannun jariri zai shige. Na sake yin watanni rub da ciki, ina cin abinci kamar ƙadangare, ina kallon siminti. A wannan kwanciyar ce aka koya mini in riƙa zura robar da kaina lokaci-lokaci in cire, da wankakken hannu, maimakon a bar ta a jiki. Ba daɗi, kuma ba warkewa ba ce, amma da ita nake rayuwa har yau.

Baffa ya zo dubiya sau ɗaya. Ya zauna a bakin gado ya ce, "Da ba a yi gaggawar kwancewa ba." Har ya rasu bai ƙara tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba, amma bai sake cin abincin da matata ta dafa ba.

Na dawo gida da rani. Ina zaune a zaure a keken guragu da abokan aikina suka haɗu suka samo mini, sai ga wani baƙo, manomi daga Ƙarfi, ya yi sallama. Ya ce ƙanensa ne ya faɗo daga itacen ɗorawa, ƙafafu sun mutu, fitsari ba ya tsayawa, matarsa har ta koma gidansu. Ya ce a kasuwar Malumfashi ya ji wani Dakta mai maganaɗisu yana shela da lasifika cewa ya warkar da wani malamin makaranta a Funtua, har malamin ya koma aji yana fitsari a tsaye. Unguwarmu ya faɗa, da kwatancen gidanmu. Shi ne ya zo ya gani da idonsa kafin ya kai ƙanen.

Ashe duk watannin da na yi ina kallon siminti, ni ne tallarsa.

Na ce wa baƙon, "Malam, matso." Na kira matata ta taimaka na sunkuya, na ɗage riga. Ramin bai gama cikewa ba, akwai auduga a ciki. Na ce, "Ga aikinsa. Duba da kyau." Na nuna masa robar a cikin kwanonta, na faɗa masa komai, har tsutsar. Na ce ya kai ƙanensa asibiti, su riƙa juya shi, kada su bar komai mai tauri a ƙarƙashinsa.

Ya duba, ya kai hannun riga hanci, ya yi salati a hankali. Ya yi mini addu'a mai tsawo, ya yi godiya. Ya miƙe ya sa takalmi, har ya kai ƙofa ya juyo.

Ya ce, "Amma Malam, ranar da aka ɗora, an ce fitsarin ya fito ko?"

Na ce, "Ya fito. Danna ni ya yi."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "To ai jiki da jiki akwai bambanci." Ya hau kekensa ya nufi tasha.

Ban sake jin labarinsa ba, ban san abin da ya sami ƙanen nasa ba. Da aka koma hutu, ofishin ilimi suka mayar da ni wata makaranta a cikin gari inda ba sai an hau babur ba. Matata ta ɗinka mini 'yar jaka ta atamfa da nake rataya a bayan keke, da roba da sabulu da tsumma a ciki. Hedimasta ya ba ni ajin da ke ƙarshen gini, kusa da bayi, na koyar da lissafi a nan har na yi ritaya.